Ruwan Kifi da Wutar Lantarki: Abin da Ya Kamata Mai Kiwon Kifi a Gida Ya Sani

Sakkwato ba ta da teku, amma kifi ya shigo gidaje. A unguwanni irin su Ƙofar Dundaye, inda hanya ke fita zuwa Dundaye da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, mutum kan ajiye tankin roba a lungun gida yana kiwon tarwada, wani kuma ya sa akwatin gilashi na kifin ado a falo. Dukansu suna buƙatar wuta. Akwai sumo mai jawo ruwa, akwai injin hura iska, akwai fitila, sannan masu ƙyanƙyasa kan sa hita lokacin hunturu don kada sanyi ya kashe 'ya'yan kifi. Duk waɗannan na'urori a cikin ruwa suke ko a bakinsa, kuma da wutar gida mai ƙarfin bolt 230 suke aiki.

Busasshiyar fata tana tare wuta sosai. Idan ta jiƙe, ƙarfin tarewar kan faɗo zuwa kusan om 1,000, wato wutar da za ta bi jiki tana iya haura miliyamfiya 200. Alhali daga wajen miliyamfiya 10 zuwa 20 hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, kuma abin da bai kai 100 ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Gishiri na ƙara muni. Ruwan teku, irin wanda masu kifin ado na teku ke haɗawa, yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma yana ɗaukar wuta fiye da ruwan famfo nesa ba kusa ba. Ko mai tarwada ma yakan zuba gishiri a tanki idan kifi ya yi rauni. Feshin ruwan gishirin nan yana bushewa a kan soket ya bar farin ɓawo, ɓawon yana jan laima, yana cin ƙarfe, har wuta ta sami hanyar da ba tata ba.

Mutane da yawa suna cewa ai kifin yana iyo lafiya, don haka babu wuta a ruwan. Wannan hujjar ba ta da tushe. Kifi a tankin roba ko gilashi kamar tsuntsu ne a kan wayar NEPA, wuta ba ta da hanyar bi ta jikinsa zuwa ƙasa. Wanda ya tsaya ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti ya tsoma hannu, shi ne ya ba ta hanyar. Idan kun taɓa jin ɗan tsikari a yatsa, musamman inda akwai yanka, kada ku ce ba komai. Akwai na'urar da ke yoyon wuta. A cire na'urorin duka, a kira mai gyara ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da mita.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta ɗaukar ɗaukewar wuta a matsayin dama. An ɗauke wuta, sai a tura yaro ya shiga tanki ya wanke, sumo yana ciki, filogi yana soket. Kamfanin Kaduna Electric da ke raba wa Sakkwato, Kabi, Zamfara da Kaduna wuta ba ya buga ƙofa kafin ya dawo da ita. Haka kuma wani a gidan yana iya tada janareto ko ya kunna inbata bai san akwai mutum a ruwa ba. Ko kashe makunni bai wadatar ba, domin a gidajen da aka juya wayoyi makunnin yana yanke wayar da ba ta ɗauke da wuta ne. A zare filogin gaba ɗaya, a ajiye shi inda ido ke ganinsa, sannan a taɓa ruwa.

Fis da burekar da ke yawancin gidaje waya suke karewa daga ƙonewa. Fis mai amfiya 13 ba zai tsinke ba don ƙaramar wuta ta bi jikin mutum. Na'urar da ke kare rai ita ce RCD mai miliyamfiya 30, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya idan ta ga gibi. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci zuwa lokaci. A nemi ma'aikacin wuta mai shaidar hukumar NEMSA ya ɗaura ta, ya kuma duba wayar da ke sauke wuta ƙasa, domin ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, sandar da aka binne ta rage aiki.

Soket ya kasance a bango sama da tsayin ruwa, a gefe, inda feshi ba ya kaiwa. A bar waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Wayar da aka haɗa aka naɗe da salatif ba ta da wurin zama kusa da ruwa. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da robar waya ta tsattsage, ɓera ma yana ci, saboda haka a riƙa dubawa. Hitar gilashi kuwa tana fashewa idan ruwa ya ragu ya bar ta a waje tana kunne.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A yanke wutar daga babban makunni, in ba hali a ture wayar da busasshiyar sanda ana tsaye a busasshen wuri. Idan ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, Specialist ko UDUTH, a auna bugun zuciyarsa.