Dogayen 'Yan Wasa da Ciwon Ƙafa: Tarihin Ƙungiyar Portland a Gasar NBA

A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, bakin kwando yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Shi ya sa kowace ƙungiya take neman ƙaton ɗan wasa, mai tsayin mita 2.10 ko fiye, wanda za ta girke a ƙarƙashin kwando. Shi ne mai tare ƙwallon abokan hamayya tun tana sama, shi ne mai cafke wadda ta bugi kwando ta dawo, kuma idan aka miƙa masa ita a kusa, da wuya a hana shi zurawa. Masu irin wannan tsayi ba su da yawa a duniya, waɗanda suka haɗa tsayin da gudu da iya hannu kuwa sun fi ƙaranci. Ƙungiyar da ta samu ɗaya takan gina wasanta kacokan a kansa. Matsalar ita ce jikin da ya ba shi wannan fifiko shi ne kuma ya fi saurin gazawa, kuma babu ƙungiyar da ta ɗanɗana kuɗar wannan kamar Portland Trail Blazers ta jihar Oregon.

Dalilin gazawar yana cikin lissafin jiki. Idan aka ɗauki mutum biyu masu ƙira iri ɗaya, ɗaya mita 1.75, ɗaya mita 2.10, dogon ya fi gajeren tsayi da kashi 20 cikin ɗari kawai. Amma nauyinsa zai ƙaru da kusan kashi 73, alhali kaurin ƙashin da ke ɗauke da nauyin bai ƙaru da fiye da kashi 44 ba. Ke nan kowane ɓangare na ƙashinsa yana ɗaukar kaya fiye da na gajeren. Ga kuma wasa 82 a kakar wasa guda, kafin ma a shiga zagayen neman kofi, ana tsalle ana dira a kan katako, ana tsayawa cak ana juyawa da sauri.

Wurare biyu ne suka fi shan wahala. Na farko wani ɗan ƙashi ne mai siffar kwale-kwale da ke tsakiyar ƙafa, gaban idon sawu, wanda nauyin jiki ke bi ta kansa duk lokacin da aka taka. Tsakiyarsa ba ta samun jini sosai, don haka idan ya tsage yakan daɗe bai haɗe ba. Tsagewar ba ta zuwa farat ɗaya. Takan fara da ɗan ciwo a saman ƙafa wanda ke lafawa idan an huta, hoton ƙashi na farko ma sau da yawa ba ya nuna komai, ɗan wasa ya ci gaba da takawa har tsagar ta buɗe. Na biyu shi ne guringuntsin gwiwa, wanda ba shi da hanyoyin jini sam, abin da ya sa idan ya cinye ba ya komawa yadda yake.

Portland ta fara gamuwa da wannan ne a kan Bill Walton, mai tsayin mita 2.11, wanda ta ɗauka a sahun farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 1974. A 1977 ya jagorance ta ta doke Philadelphia ta ɗauki kofi. A kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta ci wasa 50 cikin 60 na farko, sai ƙafar Walton ta fara ciwo. Ya dawo a zagayen neman kofi, ya buga bayan an yi masa allurar kashe zafi, daga baya aka gano ɗan ƙashin nan na ƙafarsa ta hagu ya karye. A shekarar aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan gasar, amma bai sake sa rigar Portland ba. Ya nuna ɓacin ransa kan yadda ake kula da masu rauni a ƙungiyar, ya zauna kaka guda cur, sannan ya koma San Diego a 1979. Wasa 209 ya buga wa Portland a kaka huɗu.

Zaɓen 1984 shi ne wanda har yau ake ta maimaita zancensa. An jefa kwabo tsakanin Houston da Portland don a san mai zaɓen farko, Houston ta ci, ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Portland, wadda ke sahu na biyu, ta ɗauki Sam Bowie mai tsayin mita 2.16 daga jami'ar Kentucky. Chicago ta zo ta uku ta ɗauki Michael Jordan. Portland tana da hujjarta: shekara guda kafin nan ta ɗauki Clyde Drexler, wanda ke buga gurbi ɗaya da Jordan, dogo kuwa ba ta da shi. Sai dai tarihin lafiyar Bowie ba a ɓoye yake ba, domin ya rasa kaka biyu cur a jami'a saboda tsagewar ƙashin ƙwaurinsa na hagu. A kakarsa ta farko ya buga wasa 76, ya kuma yi abin a zo a gani. Daga nan ƙwaurin hagu ya karye, na dama ya biyo baya, har ya zama cikin kaka biyar wasa 139 kacal ya samu bugawa. A nan ba za a ɗora wa rashin sa'a laifin duka ba; an ga hadarin ya haɗo, aka fita ba laima. A 1992 Portland ta kai wasan ƙarshe, Chicago ta Jordan ce ta doke ta. Olajuwon kuwa, wanda jikinsa ya jure, ya kawo wa Houston kofi biyu a 1994 da 1995, shaidar cewa neman dogo ba shi ne kuskuren ba.

A 2007 abin ya sake maimaituwa. Portland ce ke da zaɓen farko, ta ɗauki Greg Oden mai tsayin mita 2.13, ta bar wa Seattle Kevin Durant. Masana wasan da yawa a lokacin sun goyi bayan wannan zaɓi. Tun kafin a fara kaka aka yi wa Oden tiyata a gwiwar dama, irin wadda ake huda ƙananan ramuka a ƙashi don jinin ɓargo ya fito ya toshe gurbin guringuntsin da ya cinye. Abin da ke tsirowa a wurin bai kai na asali ƙwari ba. Ya rasa kakar gaba ɗaya. A Disambar 2009, ana tsaka da wasa da Houston, ya yi tsalle don tare ƙwallo, ƙoƙon gwiwarsa ta hagu ya karye, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Lokacin da aka sallame shi a 2012, wasa 82 ya buga wa ƙungiyar, adadin kaka ɗaya tak cikin shekara biyar. Durant ya zama gwarzon gasar a 2014. Portland ba ta sake ɗaukar kofi ba tun 1977.

Asarar ƙungiya a irin wannan hali ta wuce rashin mutum ɗaya a fili. Yawancin kwantiragin NBA ana biyan su ko ɗan wasa ya buga ko yana jinya, gasar kuma ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a albashi, saboda haka kuɗin da ke kan majinyaci ba a iya sayo madadinsa da su cikin sauƙi. Sauran 'yan wasan ma an zaɓo su ne don su dace da shi. Da zarar ya kwanta, sai koci ya koma sauya salon wasa a tsakiyar kaka. Shi kansa ɗan wasan ya fi kowa shan wuya, ga tiyata a kan tiyata, ga sunan da ake laƙaba masa na wanda ya ba da kunya, kamar shi ya zaɓi ƙashinsa ya karye.

Wasu ƙungiyoyin ma sun taɓa fuskantar wannan. Yao Ming ɗan ƙasar Sin, mai tsayin mita 2.29, ya yi ritaya daga Houston a 2011 yana da shekara 30 saboda karayar ƙafar hagu da ta ƙi barinsa. Philadelphia ta ɗauki Joel Embiid, haifaffen Yawunde a Kamaru, a 2014 tana sane da karayar ɗan ƙashin nan a ƙafarsa ta dama, ta jira shi kaka biyu kafin ya buga wasansa na farko. Haƙurin ya biya, domin ya zama gwarzon gasar a 2023.

Abin da ƙungiyoyi ke yi yanzu shi ne ƙayyade mintunan da dogon zai buga, hutar da shi idan wasa ya zo dare biyu a jere, da ajiye dogo na biyu mai iya riƙe gurbin. Wannan ya ci karo da buƙatar masu kallo, waɗanda suka biya kuɗi don ganin taurari. Daga kakar 2023 zuwa 2024 gasar ta sa dokar cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya cancanci manyan kyaututtuka. A waccan kakar Embiid ya ji rauni a gwiwar hagu, ya tsaya a wasa 39, a wadda ta biyo baya kuma 19.