Ciwon laka: Abin da ya kamata ku sani kafin a dasa wa majinyaci famfon magani

Wanda ya karye a ƙashin baya har lakarsa ta taɓu, ko a haɗarin babur ne a hanyar Goronyo ko harbin 'yan bindiga a ƙauyukan Rabah, yakan koma gida da wata matsala bayan shanyewar ƙafafu. Bayan makonni sai ƙafafun su fara sandarewa suna fizga da kansu, su hana barci, su hana zama a keke. Dalili shi ne saƙon ƙwaƙwalwa da ke kwantar da tsoka ya daina ratsa wurin da ya ji rauni.

Maganin da likitoci suka fi bayarwa shi ne ƙwayar baclofen. Idan ta gaza, akwai famfo mai batir da ake dasawa ƙarƙashin fatar ciki, da siririn bututu mai kai maganin cikin ruwan da ke kewaye da laka. Likitoci a Chicago ne suka fara gwada dabarar a 1984, hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 1992. Abin da ake zubawa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayar ba, shi ya sa ɗan kuskure ke zama babba.

Idan ya yi yawa, majinyaci zai yi ta barci, jiki ya saki, numfashi ya ragu. Idan ya yanke kwatsam, don famfon ya ƙare ko bututun ya toshe, sai ƙaiƙayi da zazzaɓi da ruɗewa da sandarewar da ta fi ta da, kuma yana iya kisa. A nan ne za a ce maleriya ce a ɓata lokaci.

Ana cika famfon da allura duk bayan wata 1 zuwa 6, batirin kuma yakan kai shekara 7. Don haka iyalin Wurno da aka yi wa tayinsa a ƙasar waje su fara tambaya: wa zai cika shi, kuma idan hanya ta rufe ranar fa? A tattauna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato kafin a amince.

Masu shan ƙwayar ma kada su daina rana ɗaya, domin hakan na jawo farfaɗiya. Likita ne ke ragewa a hankali. Mai ciwon ƙoda ya faɗa tun farko. Idan sandarewa ta ƙaru, a duba ciwon fitsari da gyambon kwanciya kafin a ƙara ko ƙwaya ɗaya.