Mai Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

Tsakanin Samaru da Basawa a Zariya akwai wata sana'a da ba ta da rumfa a kasuwa, amma ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello sun san ƙofarta: sana'ar mai kula da na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari. Jami'ar na nan tun 1962, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, kuma tana Basawa. Wanda ya saba karanta bincike kan itatuwan maganin gargajiya na Arewa ya sha cin karo da layin da ke cewa an auna samfurin a Zariya da irin wannan na'ura, wato GC-MS ƙirar Shimadzu. Sunan wanda ya wuni gaban na'urar kuwa da wuya a ambace shi.

Ɗalibi zai zo da ruwan zogale ko na sabara ko saiwar marke da ya tatsa da sinadarin metanol, yana ta "Malam, a taimaka". Malam zai tace ruwan, ya zuba a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Allura ta zuƙi abin da bai kai ɗigo ba, ta tura shi cikin siririn bututu mai tsawon mita 30 da ke naɗe a cikin tanda, iskar hiliyam na kora shi. Kowane sinadari da lokacin fitowarsa. Da ya fito sai a jefe shi da ilektiron, ya farfashe, na'ura ta auna gutsattsarin. Kafin a kai nan, sai famfo ya daɗe yana zuƙe iskar cikin na'urar, shi ya sa ɗaukewar wuta ta minti ɗaya kan cinye aikin yini.

Gwanintar tana wajen karatu. Kwamfuta za ta gwada sakamakon da rumbun NIST na Amurka ta jero sunaye, kuma ba ta taɓa rasa sunan da za ta bayar. Gwani ya san idan ya ga tsini a lamba 149 a zanen sakamakon, galibi daga roba ko ledar da aka ajiye samfurin ya fito, ba daga ganye ba. 207 da 281 kuma bututun ne da kansa yake zubar da su in ya tsufa. Abin yana damuna ƙwarai in na ga irin waɗannan an jera su a kundin digiri a matsayin sirrin maganin wata bishiya. Tambaya ɗaya ga mai na'urar da ta hana hakan.

Akwai reshen aikin da ya fi wannan laushin hannu. Wasu ƙwayoyin ba sa haɗewa su zama abu guda. Ɗaya ce ke shiga cikin ɗaya ta zauna, kamar yatsa cikin zobe. A kan wannan fanni Pedersen da Cram da Lehn suka sami kyautar Nobel a 1987, kuma ba nesa yake da mu ba. Atemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, ba ya narkewa sosai a ruwa. In aka sa shi cikin saikulodestirin, wani zoben sukari da ake samarwa daga sitaci, sai narkewarsa ta ƙaru. To, yaya za a tabbatar ya shiga? Zafin GC-MS zai raba su nan take. Sai da dabarar da ta sa John Fenn ya sami Nobel a 2002: a fesa ruwan ta bakin allura mai ɗauke da ƙarfin lantarki, ɗigon ya yi ta bushewa har ƙwayoyin su tashi a rungume da juna.

Lissafin mai sauƙi ne. Zobe mai sukari 7 nauyinsa kusan 1135, atemisinin 282. In sun haɗu, 1417 ke nan. In sodiyam ya maƙale, a ƙara 23, a nemi tsini wajen 1440. Sai dai ganin tsinin bai isa hujja ba, domin ɗigo in yana bushewa yakan manna ƙwayoyin da ba ruwansu da juna. Mai aikin zai tsarma samfurin ya sake fesawa, ya ga ko tsinin na nan. Zai gwada da miƙaƙƙen sukari marar rami: in shi ma ya riƙe maganin, to mannewa ce kawai. Zai kuma ƙara ƙarfin karon da ƙwayoyin ke yi a cikin na'urar a hankali, yana lura da inda haɗin zai rabu, sannan ya tura ɗalibin ya nemo shaida ta biyu daga na'urar NMR kafin ya sa hannu a takarda.