Takardun Gwamnati da Zinaren Birnin Gwari: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da yawa daga cikin samarin da ke haƙar zinare a dajin Birnin Gwari ba su san cewa ƙasar da suke tonawa an auna ta, an zana taswirarta, an buga bayaninta a littafi tun kafin a haifi iyayensu ba. Gwamnati ce ta buga, da kuɗin jama'a, don haka ilimin da ke ciki haƙƙin jama'a ne.

A shekarar 1919 Turawan mulkin mallaka suka kafa sashen binciken duwatsu da ma'adinai na Nijeriya, wanda a yau ake kira NGSA. Aikinsa ke nan: ya bi ƙasa yanki-yanki, ya wallafa abin da ya gano cikin rahotanni masu lamba. Rahoto na 27, wanda W. Russ ya rubuta aka buga a 1957, ya yi bayanin duwatsun wasu sassan lardunan Neja da Zariya da Sakkwato, ya fi mai da hankali kan inda zinare yake. Na 29, na Truswell da Cope, ya fito a 1963. Har yau masana suna kiran wani zirin dutse da sunan Birnin Gwari, kuma a jijiyoyin farin dutsen da suka ratsa irin wannan zirin ake samun zinaren. An haƙe shi a Tsohon Birnin Gwari tun shekarun 1930.

Me wannan zai amfana wa mai diga da shebur? Amfani na farko shi ne lafiyarsa da ta iyalinsa. Dutsen zinare yakan zo tare da dalma, kuma ido ba ya iya faɗin yawanta, sai gwaji. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara, galibi a Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, yara 28 suka rasu. NGSA tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. Ƙungiyar masu haƙa za ta iya haɗa kuɗi ta kai samfurin dutse a duba mata, kuma kada a kai niƙan dutse cikin gida ko da sakamakon bai fito ba.

Na biyu kuwa doka ce. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa duk ma'adinan ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta kafa ofishin rajistar lasisin haƙa a Abuja, wanda ke riƙe da taswirar filayen da aka ba kowane kamfani, ana kuma iya duba ta a intanet. Idan baƙo ya zo da takarda yana cewa filin nan nasa ne, dagaci ko mai gona na iya sa a duba masa. Dokar ta kuma wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Wannan sashe kaɗai ya isa a karanta shi a kowace fada.

Manomi ma yana da nasa rabon a cikin takardun gwamnati. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassarar Hausa, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kuma tana buga ƙananan littattafan noma da kiwo.

Abin da ke damuna shi ne rahotannin ma'adinan da Turanci mai nauyi aka rubuta su, suna ajiye a ɗakunan karatu nesa da ramin haƙa. Muna da 'ya'yanmu da suka karanta ilimin duwatsu a Zariya. Su zauna da masarauta da ƙungiyoyin masu haƙa, su taƙaita abin da ya shafi dalma da lasisi cikin Hausa mai sauƙi, a karanta a rediyo da ranar kasuwa.