Cardwell, Ɗan Majalisar da Ya Hana Cinikin Muƙaman Soja a Ingila

A zamanin Sarauniya Biktoriya, hafsan soja a ƙasar Ingila da kuɗinsa yake sayen muƙaminsa, kamar yadda ake sayen doki a kasuwa. A rundunar sojan ƙasa, farashin hukuma na ƙaramin hafsa fam 450 ne, na Laftana-Kanar kuwa fam 4,500, kuma sau da yawa akan biya fiye da haka a ɓoye. Saboda haka ɗan talaka, komai jaruntakarsa, da wuya ya ci gaba, alhali ɗan mai dukiya yana iya jagorancin mutanen da suka fi shi sanin yaƙi.

Yaƙin Kirimiya, wanda Ingila ta shiga a 1854, shi ne ya tona asirin wannan tsari, gama sojoji da yawa sun halaka saboda cuta da sakacin shugabanni. Amma gyara bai samu ba sai da aka naɗa Edward Cardwell, wakilin birnin Oxford, Ministan Yaƙi a gwamnatin Gladstone cikin 1868.

Cardwell ba soja ba ne, lauya ne, amma ya ɗaura ɗamarar aiki. A 1870 ya gabatar da dokar da ta rage wa'adin soja: mutum ya yi shekara 6 a bariki, sa'an nan shekara 6 yana zaune gida, ana iya kiransa in yaƙi ya tashi. A shekarar nan ce kuma Jamusawa suka murƙushe Faransa cikin 'yan watanni, abin da ya nuna wa Ingilishi amfanin hafsoshi masu horo.

A 1871 ya kawo babbar dokarsa ta soke sayen muƙami. Hafsoshin da ke Majalisar Wakilai suka yi ta jan muhawara don a gaji a bari, duk da haka dokar ta wuce. Da ta isa Majalisar Manyan Masu Sarauta, inda iyayen hafsoshi suka yi yawa, sai aka tare ta. Nan fa Gladstone ya shawarci Sarauniya, ita kuwa ta sa hannu a takardar umurni ta soke cinikin daga ranar 1 ga Nuwamba, 1871. Ganin haka, sai masu sarautar suka amince da dokar, domin a cikinta ne aka tanadi diyyar miliyoyin fam ga hafsoshin da suka riga suka biya.

Gyaran bai kawar da fifikon 'ya'yan manya nan take ba, domin albashin hafsa bai isa ya riƙe shi ba sai da dukiyar gida. Amma daga lokacin, muƙamin soja ya zama amanar ƙasa, ya daina zama kayan sayarwa. Cardwell ya bar ofis a 1874, ya rasu a 1886.