Mura Da Tsoho Mai Gigin Tsufa

Mai gida, in akwai tsoho a gidanka wanda gigin tsufa ya kama, watau ya kan manta sunan 'ya'yansa ko hanyar gida, to, ka lura da shi ƙwarai, balle da hunturu. Gigin nan ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba aikin aljannu ba ne.

Mura mai tsanani da 'yan'uwanta, kamar korona, sun fi yi wa irin waɗannan tsofaffi ɓarna. A Ingila da Wales, daga Maris zuwa Yuni 2020, cikin kowane mutum huɗu da korona ta kashe, ɗaya mai gigin tsufa ne.

Dalili kuwa, ba ya iya faɗin abin da ke damunsa. Sau da yawa jikinsa ma ba ya zafi. Sai dai ka ga rikicewarsa ta ƙaru farat ɗaya, yana ta barci, ya ƙi tuwo, ya ƙi ruwa. Mutanen gida su ce ai tsufa ne, alhali cutar ta sauka huhu. Ga shi ba ƙarfin tari, in ya ƙware sai koko ya bi hanyar numfashi.

Ka ƙidaya numfashinsa sa'ad da ya ke hutawa. In ya kai 25 cikin minti ɗaya, ku kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Kafin nan a zaunar da shi, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan da cokali. Kada a ɗura masa yana kwance. Jikan da ke tari kuwa ya kwana wani ɗaki, ko da kakan zai yi mita.