Tabarau Mai Gargaɗi da Sandar Makaho

Duk wanda ya san hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya saba ganin makaho riƙe da sanda ta baya, yaro yana riƙe da ita ta gaba. Yaron nan ɗan jagora shekarunsa na makaranta ne, amma aikinsa shi ne ya zama idon mahaifinsa ko kakansa tun safe har almuru. Saboda haka idan aka ce an ƙera wata na'ura da za ta riƙa faɗa wa makaho abin da ke gabansa, maganar ta shafi mutum biyu ne.

A 2024 jaridu sun ba da labarin wani saurayi a Kano, Khalifa Aminu, wanda ya haɗa tabarau mai yin ƙara idan mai sanye da shi ya kusanci wani abu. Mun yi murna da wannan ƙoƙari. Dabarar kuwa ta daɗe. Wani injiniya Bature, Leslie Kay, ya fara ta a Ingila a shekarun 1960, daga baya ya fitar da tabarau mai suna Sonicguide a shekarun 1970. Hikimar jemage ya ara. Yawancin irin waɗannan na'urori suna aika wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, sautin ya bugi abu ya dawo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In bango yana nesa da mita ɗaya, amsar za ta dawo cikin kashi 6 bisa 1,000 na daƙiƙa, da wannan lissafi na'urar ke gane nisa. Ɗan ƙaramin kan da ɗalibai suka fi saye, HC-SR04, yana kai wa mita 4.

To, me ya sa bayan shekara sittin sanda ba ta yi ritaya ba?

Amsar tana ƙasa. Na'urar da ke goshi ko ƙirji gabanta take dubawa. Tana jin bango, tana jin bakin kwanon rumfa da ya sauko daidai fuska, da reshen darbejiya, da bayan motar kaya da aka ajiye a gefen titi, wato abubuwan da sanda take wucewa ta ƙarƙashinsu har mutum ya fasa goshi. Wannan taimako ne babba. Amma lambatu marar murfi, da ramin da aka haƙa don yin bulo, da zaizayar da damina ta bari, ba su mayar da amsa yadda bango yake yi, domin babu abin da sautin zai buga. Su ne kuwa ke karya ƙafa a garuruwanmu. Sanda ce kaɗai take taɓa bakin rami kafin ƙafa ta kai. Wanda ya ba makaho tabarau ya ce masa ya ajiye sanda ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Sai maganar ƙara. Makaho da kunne yake tafiya: da shi yake sanin babur na zuwa, da shi yake gane ya iso wurin masu niƙa. Ranar kasuwar Dutsin-Ma, inda mutum da tunkiya da baro suke gogayya, na'ura mai ƙara ba za ta yi shiru ko na minti ɗaya ba, sai ta toshe masa hanyar da ya dogara da ita. Shi ya sa masu ƙira a Indiya suka zaɓi girgiza. SmartCane, wadda makarantar fasaha ta IIT Delhi ta fitar a 2014, a kan sanda ake ɗaura ta, tana gano abu daga gwiwa zuwa kai har nisan mita 3, ta girgiza a tafin hannu. Sun yi shekaru suna gwaji tare da makafi kafin su kai ta kasuwa, suka kuma sayar da ita kusan rufi 3,000.

Kada dai na'ura ta mantar da mu asibiti. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa makafi masu shekara 40 zuwa sama sun haura miliyan ɗaya, kashi 84 cikin 100 kuma makantarsu irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Yanar ido kaɗai ta ɗauki fiye da kashi 40. Tsohuwar da yana ta rufe wa ido aiki take bukata, irin wanda asibitin ido na ECWA a Kano yake yi tun 1943. Na'ura ta wanda likita ya duba ya ce ganinsa ba zai dawo ba ce, kamar wanda hawan jinin ido ya riga ya cinye.

Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, a cikinsu kuwa akwai 'ya'yan ikilisiyoyinmu. Ga wanda yake tunanin haɗa irin wannan abu, shawararmu ita ce ya fara da gaida makafin unguwarsu da shugabanninsu, ya tambaye su abin da ya fi bugunsu a hanya, kafin ya sayi waya ko ɗaya. Ya yi ta da batirin da za a iya cajinsa a shagon cajin waya ko da ƙaramar sola, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas. Ta jure ƙurar hunturu da gumin bazara. In ta lalace, mai gyaran rediyo a Kurfi ya iya buɗe ta ya gyara, ba sai an aika Kano ba. Gwajin kuma kada ya tsaya a barandar makaranta mai sumul. A fita da ita daga tasha zuwa kasuwa, makaho yana sanye da ita, sandarsa a hannu, ɗan jagoran yana biye a baya.